Gansakukar Tabki da Juyin Yanayi

Jama'a da yawa sun ɗauki gansakuka ƙazantar ruwa ce kurum. Alhali kuwa ita ce tushen abincin tabki. Ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, kifi ya ci su, masunci kuma ya kama kifi. In ta sāke, arzikin masunta ya sāke.

Mu duba Tabkin Cadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da fari ya tsananta a 1973, sai ya rabu biyu, sashen arewa ya yi ta ƙafewa, har a shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwa kuwa in ya janye, gishirinsa da kanwarsa kan ƙaru, sa'an nan irin gansakukar da ke son ruwan daɗi ta mutu, mai jure kanwa ta gāje wurin.

A ƙasar Kanem, gabas da tabkin, akwai kududdufan kanwa inda wata irin gansakuka ke tsiro, masana na ce da ita sifirulina. Matan Kanembu kan kwaso ta, su zuba cikin rami a rairayi, ruwan ya tsane, rana ta busar da ita. Sa'an nan su yayyanka, su kai kasuwa, a yi miya. Sunanta dihe, fiye da rabin nauyinta kuwa abincin gina jiki ne. Amma sana'ar tana rataye da damina: in ruwa ya yi yawa kanwa ta tsinke, tsiron ya ragu; in fari ya daɗe kududdufin ya bushe.

A Tabkin Tanganyika, mai zurfin mita 1,470, zafi ne ke yin ɓarna. Iskar lokacin sanyi ce ke motsa ruwa, ta taso da takin da ke can ƙasa. Da saman ruwan ya ƙara ɗumi, gaurayuwar ta ragu, gansakuka ta rasa taki, kifi kuma ya rasa abinci.

To, malamai, wannan darasi ba sai da littafi ba. Ku kai yara bakin kududdufin gari da damina da kuma bazara, su ɗebo ruwa a kwalba, su rubuta launinsa kowane wata. Yaron da ya gane dalilin canjin launin nan, ya fara gane abin da ke sa banda tsada a kasuwa.