Me Ke Sa Ganyen Tumatir Ya Koma Rawaya?

Da zarar damina ta wuce, sai aikin lambu ya kankama a bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, da kuma fadamun Tsafe. Kukan masu lambu da yawa shi ne ganyen tumatir da tattasai yana komawa rawaya. Wasu sukan ruga kasuwa su sayo maganin feshi, kuɗi su tafi, ganye bai warke ba. Kafin manomi ya kashe ko kwabo, ya fara duba ganyen da ya soma canza launi.

Na farko, yunwa. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka fara yin rawaya, na sama suna kore, to shuka tana neman taki. A sa mata Yuriya ko Kamfa. A tona rami kamar taƙi ɗaya daga gindi, a zuba kaɗan, a rufe, sannan a yi ban-ruwa. Kada taki ya taɓa kara, don yana ƙona shi. Ruɓaɓɓen takin dabbobi ma yana taimakawa ƙwarai.

Na biyu, yawan ruwa. Saiwa tana shaƙar iska. Idan ruwa ya kwanta a fangali, sai ta ruɓe. Manomi ya cusa yatsa cikin ƙasa. In da laima, ya jinkirta ban-ruwa, ya buɗe wa ruwa hanya.

Na uku, farin ƙuda. Ƙaramin ƙwaro ne mai ɓuya a bayan ganye, kuma yana yaɗa cuta. Sabbin ganye na sama sukan ƙanƙance, su nannaɗe, gefensu ya yi rawaya. Shukar da ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta, a binne nesa da lambu, don a ceci sauran.

Na huɗu, tsutsar saiwa. Ido ba ya ganin ta. Shuka takan yi yaushi da rana ko da an ba ta ruwa. In aka tuge ta, za a ga ƙulle-ƙulle a saiwa. Baɗi kada a maimaita tumatir a wurin, a shuka masara.

Wanda abin ya shige wa duhu, ya tuge shuka ɗaya har saiwarta, ya kai wa malamin gona na yankinsa. Sai an san ciwo ake neman magani.