Katin Hoto Ya Makara, Waya Ta Yi Tsada a Sule Tankarkar

A watan Oktoban 2020 kamfanin Nvidia na Amurka ya ɗage fitar da katin hotonsa RTX 3070 daga ranar 15 zuwa 29 ga wata, don ya tara abin da zai ishi masu saye, bayan RTX 3080 ya ƙare ƙarƙaf tun ranar da ya fito a Satumba. Katin hoto shi ne sashen kwamfuta mai zana abin da ido ke gani a allo, kuma masu wasannin kwamfuta da masu haɗa fim ne suka fi nemansa. Mutumin Sule Tankarkar zai ce ina ruwan biri da gada. Ruwansa kuwa da yawa, domin ƙananan sassan lantarkin da suka yi ƙaranci, waɗanda masu gyaran waya ke kira aisi, danginsu ne ke cikin wayar da ke aljihunsa da na'urar POS da ake cire wa fataken shanu kuɗi da ita ranar Alhamis a kasuwar Maigatari.

Tushen matsalar shi ne masana'antun da ke ƙera waɗannan sassa ba su da yawa. Nvidia zane kawai yake yi, sai ya kai aikin ƙira ga Samsung na Koriya ta Kudu ko TSMC na Taiwan. Mafi yawan memorin duniya kuwa kamfanoni uku ne ke yin sa: Samsung da SK Hynix da Micron. Da korona ta zaunar da mutane a gida, buƙatar kwamfuta ta yi tashin gwauron zabo, masu haƙar kirifto suka wawashe katunan, sannan a 2021 sanyi ya tsayar da masana'antar Samsung a Texas, fari ya takura Taiwan. A ƙarshen 2025 memori ya sake yin wuya, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe shi da tsada. Lamarin kamar na takin zamani ne a farkon damina: manyan manoma ke fara ɗiba, mai 'yar gayauna ya sami ragowa a kan farashin da bai zata ba. Mai sayen Itel ko Tecno shi ne mai gayaunar nan, don ribar ƙaramar waya ba ta da kaurin da za ta shanye ƙarin kuɗin memori.

Wani zai ce faɗuwar naira tun Yunin 2023 ce ta tsauwala farashi, ba Taiwan ba. Gaskiya ne, ita ce babbar, amma naira tana bayyana tsadar dala ne kawai, ba ta bayyana abin da ya sa kayan da kansa ya ƙara daloli tun daga Shenzhen kafin ya iso kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Masu cewa mu gina tamu masana'antar su duba Amurka: TSMC ya sanar da aikin dala biliyan 12 a Arizona a 2020, sai da aka shafe shekaru huɗu kafin a fara ƙira.

Abin da ke hannunmu shi ne gyara. Matashin da ke zaune da abin busa zafi da ɗan hantsaki a Gumel, yana ɗaga aisi daga matacciyar waya ya dasa a wata, ya cancanci horo na gaske da jarin kayan aiki daga gwamnatin Jigawa. Makarantu da cibiyoyin jarrabawar JAMB su ma su riƙa ware kuɗin gyara da na kayan maye gurbi tun ranar da suka sayi kwamfutocinsu.