Ƙaunar Allah Ba Gado Ba Ce

Ni mutumin Shagari ne, kuma tun ina ƙarami ake faɗa mini cewa kakanninmu suna cikin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan ya sa na taso da girman kai. Wata rana muka yi gardama da wani abokina a aji, na ce masa mu zaɓaɓɓu ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bai ce mini kome ba, amma ya daina zama kusa da ni.

Da aka yi hutu na ziyarci kawuna a Boɗinga, na ba shi labari ina dariya. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, zauna in karanta maka." Abin da na koya a ranar shi nake so in bayyana muku, ya ku 'yan'uwana ɗalibai.

Gaskiya ne Allah ya zaɓi Bani Isra'ila. Alƙur'ani ya faɗi haka a Suratul Baƙara, inda ya tuna musu ni'imar da ya yi musu. Attaura ma ta nuna ba don yawansu aka zaɓe su ba, Allah ne ya so su, ya kuma cika alkawarin da ya yi wa kakanninsu. Amma zaɓin nan tafe yake da nauyi, wato kiyaye dokokinsa. Lokacin da Annabi Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, an sanar da shi cewa azzalumai ba su cikin alkawarin. Ɗan Annabi Nuhu ma ruwa ya ci shi, matsayin ubansa bai tsirar da shi ba. Suratul Hujurati kuwa, aya ta 13, ta sa tsoron Allah ya zama ma'aunin daraja, ba ƙabila ba.

Daga nan kawu ya kawo misali na gida. Sifawa, inda Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan kusa da Boɗinga, inda ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. Shi Malam Abdullahi, a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas har ya isa Kano, domin ya ga waɗansu daga cikin jama'a sun koma neman dukiya da sarauta. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, na 1813, ya soki wannan hali ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kawu ya ce, "In waɗanda suka ga Shehu ido da ido ba su tsira daga zargi ba, kai da me kake taƙama?"

To, jama'a, asali amana ce a wuyan mai shi. Wanda ya gaji mutanen kirki ya fi kowa bashin aikin kirki. Da muka koma makaranta na nemi abokina gafara a gaban 'yan ajinmu, ya kuwa yafe mini.

Allah ya sa mu cikin waɗanda yake so saboda aikinsu, amin.