Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Sanda: Wa Ke Zaɓar wa Masu Tsaro Aikinsu?

Babu wata runduna ta masu tsaro da take da isassun mutane da za su bi kowane laifi a lokaci guda. Dole ne a zaɓi abin da za a sa a gaba, watau ko satar shanu, ko rikicin kasuwa, ko rakiyar manya. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba hannun da wannan zaɓi ya riƙa faɗawa a ƙasar Hausa, domin wanda ya riƙe zaɓin shi ne yake yanke wanda zai yi barci da ido biyu.

Kafin zuwan Turawa, dogarai su ne hannun sarki. Su ke kama mai laifi, su tsare fada, su isar da umarni. Amma idon da yake gano laifin ba nasu ba ne, na mai unguwa ne da dagaci. Baƙo bai isa ya kwana a unguwa ba tare da mai masaukinsa ya sanar ba, kuma ɓarawon da ya addabi gari an san gidan ubansa. Da Turawa suka kafa mulkin En'e sai suka gina a kan wannan harsashi. A cikin shekarun 1920 aka fara tsara 'yan gadi da 'yan doka, aka ba su kaki da horo, sa'an nan aka riƙa ɗora 'ya'yan sarauta a kansu. Alal misali, Alhaji Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya zama sarki a 1944, haka kuma Alhaji Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962.

Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san lunguna, ya san harshe, ya san wanda ya kwana da yunwa da wanda ya wayi gari da kuɗin da ba a san asalinsu ba. Wannan ilimi ne da babu makarantar horon da take koyar da shi. Sai dai saninsa na mutane bai sa mutane su ne suke tsara masa aiki ba. Umarni daga fada yake zuwa, bayan fada kuma akwai Razdan. Saboda haka tara haraji da jangali yana cikin manyan ayyukansa, kuma da siyasar jam'iyyu ta kankama a shekarun 1950, sai aka ƙara masa wani, watau farautar 'yan hamayya. Magoya bayan NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu: a hana su izinin taro, a kama su, a kai su gaban alkali, daga nan sai gidan yari, alhali ɗan dokan da alkalin da yarin duk ma'aikatan En'e ɗaya ne. Masu begen zamanin 'yan doka sukan tsallake wannan babi.

Wannan ne babban dalilin da ya sa, bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe ikon 'yan doka, daga baya kuma aka narkar da su cikin Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya. Tsarin Mulkin 1999 ya bi wannan sawu. Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, sashe na 215 kuwa ya ba gwamna damar ba kwamishina umarni, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a tuntuɓi shugaban ƙasa tukuna. An yi maganin wata cuta, aka samo wata. Jami'in da aka turo daga nesa ba ya tsoron fada, amma sau da yawa sai da tafinta yake jin ƙarar manomi, kuma kafin ya gane hanyoyin daji an yi masa canji.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, inda ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da jama'a. Tunanin yana da kyau, sai dai kwamitin da ba ya riƙe da kuɗin man mota, ba ya kuma da ta cewa a kan canjin jami'i, shawara kawai yake bayarwa.

Inda giɓin ya yi faɗi, jama'a sun cike shi da kansu. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi domin kare ƙauyuka daga ɓarayin daji, amma da yake babu mai tuhumarsu, wasunsu suka mai da kowane Bafillatani abin zargi, ramuwar gayya ta ƙara rura wutar, har gwamnatin jihar ta sha haramta su. Daga baya gwamnatoci suka ɗauki abin a hannunsu: Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma ta fito da Askarawa a farkon 2024. Waɗannan matasa 'yan gari ne kamar 'yan dokan da, sun san daji da mutanensa, albashinsu da umarninsu kuwa daga gidan gwamnati suke fitowa.