Famfon Baclofen da Sandarewar Tsoka a Jikin Yara

Sandarewar tsoka lalura ce da ke biyo bayan rauni a ƙwaƙwalwar yaro. Hannu ya kan dunƙule, ƙafafu su harɗe, har zama da wanka da sa tufafi su zama jidali. A ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, akan danganta ta da iska ko a ɗauke ta shan inna, alhali tushenta daban ne. Manyan musabbabanta su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai mai tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Maganin da aka fi sani wajen sassauta tsokar shi ne baclofen, wanda Heinrich Keberle ya haɗa a Suwizalan a 1962. Idan an sha ƙwayarsa, kaɗan ne ke isa laka, inda yake aiki, ƙara yawansa kuwa na jawo barci da kasala. Saboda haka a 1984 Richard Penn da Jeffrey Kroin na Chicago suka ba da rahoton zuba shi kai tsaye cikin ruwan laka. Leland Albright ya gwada hanyar a kan yara a Pittsburgh, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita ga masu raunin ƙwaƙwalwa a 1996.

Na'urar da ke zuba maganin famfon ƙarfe ne zagayayye, bai wuce tafin hannu ba, ana dasa shi ƙarƙashin fatar ciki. Wani siririn bututu na fita daga jikinsa ya bi ƙarƙashin fata ya shiga ƙashin baya, yana ɗiga magani dare da rana. Ta haka abin da ake buƙata ya kan yi ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ake sha. Kafin tiyata, likita na yin allurar gwaji a baya, ya duba ko tsokar ta saki. Yawanci sai yaro ya kai shekara 4 kuma jikinsa zai iya ɗaukar na'urar.

Famfon ba ya warkar da raunin ƙwaƙwalwa. Amfaninsa shi ne rage ciwo, samun barci, da sauƙaƙa wa uwa ɗawainiya. Amma yana ɗaure iyali da asibiti har tsawon rayuwa. Ana sake cika shi da allura ta fata bayan 'yan watanni, batirinsa kuma na ƙarewa cikin shekara 5 zuwa 7, sai a sake tiyata. Idan magani ya ƙare ko bututu ya toshe, zazzaɓi, ƙaiƙayi, jijjiga da mummunar sandarewa kan taso, lamarin da kan kai ga rasa rai idan ba a gaggauta ba.

Wannan sharaɗi na komawa asibiti a kan lokaci ne ke da nauyi a gabashin Sakkwato. Ƙwararrun tiyatar ƙwaƙwalwa suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke cikin birnin Sakkwato, ga tsadar na'urar da ta fi ƙarfin manomin albasa ko shinkafa, ga ambaliyar kogin Rima da rashin tsaro da kan datse hanya. Dasa famfo a jikin yaron da ba tabbas zai iso ranar cikawa jefa shi cikin haɗari ne.

Abin da ke kusa da hannu ya fi yawa: gashin ƙashi a kai a kai, koya wa uwa miƙa gaɓoɓi a gida, takalmin gyaran ƙafa, ƙwayar baclofen bisa umarnin likita, da tiyatar jijiya a wurare irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Gaba da duka akwai rigakafi: zuwa awo, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, kai jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti ba jinkiri, allurar sanƙarau, da kwana cikin gidan sauro.