Zomon da Ya Tashi Daga Ciwon Ciki: Abin da Za Ka Ba Shi da Abin da Za Ka Hana Shi

Idan kana kiwon zomo a Bici ko ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka yi shekara biyu ba ka gamu da wannan ba. Ka leƙa keji da sassafe, ka tarar da zomo ya takure a lungu, harawar da ka zuba masa jiya da magariba tana nan yadda ka bar ta. Ka ɗaga shi, ka ga gindinsa ya ɓaci da kashi. Ka yi 'yan dabarunka, bayan kwana biyu ya farfaɗo har ya fara shinshinar abinci. Murna ta sa ka cika masa kwano da dusa, ka haɗa da ganyen kabeji da karas da aka samo a kasuwar Badume, wai don ya mayar da jiki. Washegari sai gawa.

Akan ce cutar ce ta dawo. Sau da yawa kuwa abincin jinyar ne ya ƙarasa shi. Don a gane dalili, sai an fara sanin yadda cikin zomo yake aiki.

Zomo ba ya tuƙa kamar akuya ko tunkiya, kuma ba ya iya yin amai, saboda haka duk abin da ya haɗiye sai ya bi hanji har ƙarshe. A inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba akwai wata babbar jaka, duk wanda ya taɓa gyara zomo bayan yanka ya gan ta, don ita ta fi cika cikin. A cikinta akwai ƙananan halittu masu amfani waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narka ciyawa su mayar da ita abin gina jiki. Abincinsu ciyawa mai kaushi, kuma kaushin nan ne ke sa hanjin ya yi ta motsi dare da rana. Idan aka rage ciyawa aka yawaita abin da ke da sitaci ko zaƙi, irin su dusa mai gari-gari, tsakin masara, ragowar tuwo, burodi, sai masu amfanin nan su ragu, miyagun ƙwayoyin cuta su samu fili su hayayyafa, su cika cikin da iska da guba. Zomon da ya yi kwana biyu ba ya ci, halittun nan sun riga sun raunana. Kwanon dusa a lokacin nan daidai yake da zuba fetur a garwashi.

Wannan doka ba ta ware jinsi. Ko zomon gida ne ɗan ƙarami, ko farin nan mai jan ido, ko mai ruwan toka da ake kira Cincila, cikinsu ɗaya ne. Shi Cincilan a Faransa aka fitar da irinsa wajen 1913, aka sa masa sunan wata 'yar dabba ta tsaunukan Kudancin Amurka saboda kamannin gashinsu. Masu sayar da iri kan ce ya fi juriya, amma juriyar ba ta kai ga cikin ba.

Fara da duba kashin

Kafin magani, kafin komai, durƙusa ka dubi ƙarƙashin keji. Lafiyayyen zomo yana zubar da kashi ɗaruruwa a yini, ƙwaya-ƙwaya, zagayayye, busasshe, idan ka murje shi sai ka ga burbushin ciyawa. Idan ƙwayoyin suka ƙanƙance, suka yi baƙi da tauri, kuma suka ragu, hanji ya fara tsayawa. Idan ka gan su a jere gashi ya sarƙe su kamar carbi, yana haɗiyar gashinsa kuma ciyawa ta yi masa kaɗan. Idan babu kashi gaba ɗaya, kuma bai ci ba tun jiya, wannan ya fi gudawa haɗari. Zomon da ya wuce awa 12 ba ci ba kashi, ka ɗauke shi a matsayin wanda ke bakin mutuwa.

Akwai wani kashi da ke ruɗar mutane. Zomo yana fitar da wani iri mai laushi, mai sheƙi, a dunƙule kamar nonon inabi, mai wari, galibi da dare ko da asuba, kuma yana cinye shi kai tsaye daga gindinsa. Kada ka ƙyamace shi, daga nan yake samun sinadaran gina jiki da halittun nan suka haɗa masa. Idan ka fara ganin irin wannan a zube ko ya manne a gashinsa, alhali yana ci yana kuma zubar da busasshen kashi kamar kullum, ba gudawa ba ce. Abinci ne ya yi masa maiƙo. Janye dusa na 'yan kwanaki, ka ƙara harawa, zai daidaita.

Gudawa ta gaskiya ruwa ce tsululu, wani lokaci da majina kamar farin ƙwai ko da ɗigon jini, kuma ba a ganin busasshen kashi tare da ita. Ta fi kama 'ya'yan da aka yaye, daga sati 5 zuwa 12, musamman da damina lokacin da keji ba ya bushewa. Babban abin zargi a nan shi ne cutar koksidiyosis, wadda masu kiwon kaji suka sani da kashin jini, ko da yake nau'in da ke kama zomo daban yake da na kaza. Idan ɗaya ya mutu ka buɗe shi ka ga fararen ɗigo a hantarsa, to kusan ita ce. Tana da magani, amma likitan dabbobi ne zai faɗi wanne da kuma yawansa gwargwadon nauyin zomon. Ƙananan nan suna iya mutuwa cikin yini guda, kada a jira ranar kasuwa.

Maganin kaza ba na zomo ba ne

A nan ne asara ta fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya ga zomo na gudawa, sai ya tuna da ragowar garin maganin da ya zuba wa kajinsa a ruwa, ko ya aiki yaro kemis a sayo kafso a ɓare. Akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da idan zomo ya sha ta baki suke share halittu masu amfanin nan kaf, su bar masu guba. Cikinsu akwai dangin fenisilin, wato amoksilin da Ampiclox da makamantansu, da linkomaisin, da eritromaisin. Da yawa daga garin maganin kaji haɗi ne na iri uku ko huɗu, kuma ba wuya ka samu ɗaya daga waɗannan a ciki. Abin takaicin, ba nan take yake kisa ba. Sai bayan kwana biyu ko mako guda zomon ya ɓarke da gudawa, lokacin mai shi ya manta da maganin, sai ya ɗora wa iska ko sammu.

Haka abincin kaji na buhu. Wasu kamfanoni na zuba maganin kashin jini a ciki, kuma wasu nau'ukan guba ne ga zomo. Ko babu maganin ma, hatsi ya yi yawa a cikinsa, kaushi ya yi kaɗan.

Kwana ukun farko

Ware shi daga sauran, a wuri busasshe mai inuwa. Da hunturu, idan ka taɓa kunnuwansa ka ji sun yi sanyi ƙalau, shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ka kare shi daga iska. Da bazara kuwa zafi kaɗai na hana zomo ci, a jiƙa buhu a rufa saman kejin.

Kada ka hana shi abinci. Mun saba idan ciki ya ɓaci a ce a bar shi ya huta, amma hanjin zomo idan ya tsaya tayar da shi aiki ne. Kwashe dusa da hatsi da ɗanyen ganye duka, ka bar masa busasshiyar ciyawa mai laushi irin kyasuwa ko harƙiya, haɗe da harawar gyaɗa ko ta wake, a gabansa dare da rana. Shinshina harawar tukuna. Wadda ta sha ruwa ta yi funfuna ko take warin rima, zubar da ita, domin zomo na cikin dabbobin da gubar funfunar gyaɗa ta fi yi wa illa a hanta.

Sai ruwa. Har yanzu akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, raɓa da ganye sun ishe shi. Ba haka ba ne. Zomo mai kilo 2 yana shan abin da ya kai rabin ledar fiya wata a yini, mai shayarwa kuwa ta ninka haka. Mai gudawa rashin ruwa ne ke fara kayar da shi. Ɗan ja fatar wuyansa ka saki, idan ba ta koma da sauri ba ya bushe. Haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara: lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ba shi kaɗan-kaɗan, kuma a bar masa tsurar ruwa a gefe.

Idan ya ƙi ci da kansa, sai ɗura. Karkaɗe ganyen harawa mai kyau, a daka a turmi, a tankaɗe, a dama da ruwa mai ɗumi kamar kaurin koko. Samu sirinji marar allura, ka yanke bakinsa kaɗan don ya wuce. Ajiye zomon a kan ƙafafunsa, ka naɗe shi da tsumma, kada ka kwantar da shi rigingine don zai shaƙe. Zura sirinjin ta gefen baki, bayan haƙoran gaba inda akwai giɓi, ka matsa ɗigo kaɗan, ka jira ya tauna ya haɗiye. Kimanin mililita 10 ga kowane kilo na nauyinsa, sau uku ko huɗu a yini. Aikin yana cin lokaci, kuma a yawancin gidaje mata da yara ne ke kula da zomaye, don haka su ya kamata a nuna wa.

Wuri ɗaya ne ba a ɗura. Idan cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana cizon haƙora don zafi, ba kashi ko ɗaya, wataƙila wani abu ya toshe hanya. Ƙara abinci a kai zai ƙara masa azaba. Wannan na likita ne, a ranar.

Kullum a wanke gindinsa da ruwan ɗumi a goge ya bushe, in ba haka ba ƙuda zai yi masa ƙwai, kafin kwana ɗaya tsutsa ta shiga nama. A kwashe kashi kowace rana. Ƙwayayen koksidiyosis da ke fita a kashi sai sun yi kwana ɗaya ko biyu a waje kafin su iya kama wani, shara ta kullum tana yanke musu hanya. Tafasasshen ruwa da rana mai zafi sun fi yawancin magungunan wanke keji tasiri a kansu.

Komawa ga abinci

Alamar sauƙi ita ce dawowar kashi. Zai fara da ƙanana, marasa siffa, sannan su riƙa girma. Sai ka ga kashi na daidai kwana biyu a jere kafin ka ƙara komai a kan harawa. Daga nan kawo ɗanyen ganye iri ɗaya tak, wanda ya saba da shi, kamar ganyen dankali ko gadagi ko zogale, guda biyu ko uku, wanda aka yanko aka baza a inuwa ya yi yaushi. Jira kwana guda ka dubi kashin. Idan lafiya, ƙara kaɗan. Idan ya yi laushi, koma harawa zalla. Dalilin iri ɗaya shi ne idan ciki ya sake ɓaci ka san mai laifi.

Dusa ita ce ta ƙarshe, bayan mako guda, a fara da cokali ɗaya, a kai ga yadda ya saba a cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a jiƙa ta ta kwana, tana tsami. Kabeji da latas da ake samu da araha da rani daga fadamun Watari su jira sai ya warke sarai, kuma a wanke su, don ba ka san ranar da aka yi musu feshi ba. Haka ciyawar bakin gona, yanzu da maganin kashe ciyawa ya zama ruwan dare. Idan yara ne ke yanko ciyawa, a nuna musu tumfafiya da zaƙami da zurma da bini-da-zugu su san ba a haɗawa, a kuma hana su gyauron dawa da ɗanyen ganyen rogo.

Macen da ta tashi daga ciwo kada a kai ta wajen namiji sai nauyinta ya dawo. Wanda aka ba magani kada a yanka ko a sayar don nama sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika.

Ga ƙungiyoyin manoma, abin da ya fi sauƙin yi tare shi ne tanadin harawa da kaka lokacin da take da araha, a ɗora ta a kan rumfa ko dakali inda ruwa da rima ba za su taɓa ta ba, domin ƙarancinta a ƙarshen rani ne ke tura mutane ga dusa zalla, sannan ruwan farko ya sauka a auka wa sabuwar ciyawa lokaci ɗaya. A sayi ƙaramin sikeli guda na ƙungiya, saboda maganin zomo da nauyi ake auna shi. A riƙe lambar malamin gona na KNARDA da ta ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa. Duk zomon da aka sayo daga kasuwa ko wata gona, a ware shi mako biyu, kuma a tambayi mai sayarwa abin da yake ba shi don a ci gaba da shi kafin a sauya a hankali. Idan kuma manyan zomaye suka fara faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da gudawa ba, wasu da jini a hanci, wannan ba matsalar abinci ba ce. Akwai wata annobar zomaye da aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2020. A daina shige da fice da zomaye tsakanin gidaje, a binne gawarwakin da zurfi, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.