Amurka: Yadda Jami'ar Texas A&M Ta Kwashe Zaratan Yaran 2022 Amma Kasuwa Ta Juya Mata Baya

A ƙasar Amurka akwai wata kasuwa da ke ci sau biyu a kowace shekara, a cikin watan Disamba da kuma Larabar farko ta watan Fabrairu. Hajar da ake rububi a kanta ita ce samari 'yan shekara 17 zuwa 18 da ke gab da kammala makarantar sakandare, waɗanda jami'o'in ƙasar ke zawarci domin su zo su buga masu ƙwallo. A waɗannan ranaku ne yaro ke sa hannu a takarda ya zaɓi jami'ar da zai je, kuma kafin gari ya waye masu sharhi sun gama jera jami'o'in, sun ce wance ce ta fi kowa dacen zubin bana, wance kuma ta tashi a tutar babu.

Ƙwallon da muke magana a kai ba irin tamu ba ce ta Eto'o da Kanu. Tasu mai siffar ƙwai ce, ana rungumar ta a ruga ko a jefa ta da hannu, ana kuma kokawa da bangaza, shi ya sa 'yan wasan ke sa hular kwano da matashin kafaɗa. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, don haka ƙungiya guda kan tara yara kusan 100. Masu karatunmu da ke harkar gwanjo sun sha kwance dila su ci karo da riguna masu manyan lambobi, an rubuta Alabama ko Michigan ko Texas a ƙirji. To daga wannan wasa yawancinsu suka fito. Kuma kada mai karatu ya raina abin don an ce na ɗalibai ne, domin filin wasan jami'ar Texas A&M kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo sama da 102,000.

Yadda ake yi wa yaro kuɗi

Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, irin su 247Sports da Rivals da ESPN. Ma'aikatansu na zagaya makarantun sakandare, suna kallon faifan wasannin yara, suna auna tsawonsu da nauyinsu da gudunsu, sa'an nan su ba kowa taurari. Mai taurari 2 ko 3 ɗan tsaka-tsaki ne, mai 4 gwani ne, mai 5 kuwa shi ne kan kaya. Cikin yara sama da miliyan ɗaya da ke wannan wasa a sakandaren Amurka, waɗanda ke samun taurari 5 a shekara ba su cika wuce 30 da 'yan kai ba. Kamfanin 247Sports ya kan tsaya a kan 32, daidai da yawan 'yan wasan da ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen shiga gasar ƙwararru ta NFL, wato yana hasashen cewa waɗannan ne za su kai can. Daga nan sai a tara makin duk yaran da jami'a ta ɗauka, a fitar da matsayinta.

Da wannan ma'auni ne aka auna zubin da Texas A&M ta yi a 2022, aka ce tun da aka fara wannan lissafi ba a taɓa ganin kamarsa ba. Yara kimanin 30 ta ɗauka, 8 daga cikinsu masu taurari 5. Alabama da Georgia, waɗanda suka saba raba kan kaya a tsakaninsu, a bayanta suka zo. Kocin ƙungiyar, Jimbo Fisher, ba baƙo ba ne a harkar, domin ya ci kofin ƙasa da jami'ar Florida State a kakar 2013, kuma a ƙarshen 2017 Texas A&M ta ɗauko shi a kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 75. A watan Oktoban 2021 ya doke Alabama da ci 41 da 38. Magoya baya suka ce saura ƙiris, yanzu da aka samu waɗannan yara kofi ya zo gida.

Tun ba a fara wasa ba ƙura ta tashi. Idan mai karatu bai sani ba, shekara da shekaru dokar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta hana ɗalibi karɓar kuɗi saboda wasa, abin da ake ba shi shi ne karatu da abinci da makwanci kyauta. A ranar 1 ga Yulin 2021 ne aka buɗe ƙofa, aka yarda ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, sai attajiran da suka yi karatu a manyan jami'o'i suka fara haɗa asusu domin wannan. A watan Mayun 2022 kocin Alabama na lokacin, Nick Saban, ya fito bainar jama'a ya zargi Texas A&M da cewa sayen yaran nan ta yi da kuɗi. Washegari Fisher ya kira 'yan jarida ya musanta, ya kuma yi wa tsohon maigidan nasa wankin babban bargo, har ta kai hukumar gasar da su biyun ke ciki ta ja masu kunne a fili. Saban daga baya ya ce bai kamata ya ambaci sunan kowa ba.

Da aka kwance dila

An shiga kakar 2022 Texas A&M tana ta 6 a jerin ƙungiyoyin ƙasar. A wasa na biyu kacal, wata ƙaramar jami'a mai suna Appalachian State, wadda aka biya dala miliyan 1.5 don ta zo a yi atisaye da ita, ta doke su a gidansu da ci 17 da 14. Daga baya suka sha kashi sau 6 a jere, aka dakatar da wasu daga cikin sababbin yaran saboda saɓa dokar ƙungiya, aka kuma rufe kaka da nasara 5 da faɗuwa 7. A watan Nuwamban 2023, kwana ɗaya bayan ƙungiyar ta lallasa Mississippi State da ci 51 da 10, jami'ar ta sallami Fisher. Kuɗin sallamar da kwantiraginsa ya tanada ya haura dala miliyan 75, wato sama da biliyan 45 na kuɗin CFA a canjin wancan lokaci.

Su kuma yaran fa? Nan ne gizo ke saƙar. Tun 2018 aka buɗe rajistar masu son sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata, kuma a 2021 aka soke dokar da ke tilasta wa mai sauya sheƙa zaman shekara guda ba wasa. Cikin masu taurari 5 ɗin nan su 8, guda 7 sun tattara nasu ya nasu sun bar Texas A&M. Walter Nolen ya koma Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon, LT Overton ya faɗa hannun Alabama, Denver Harris ya nufi LSU. Conner Weigman, mai jefa ƙwallo wanda shi ne madugun masu kai hari, ya yi fama da raunuka, ya rasa gurbinsa, a ƙarshen 2024 ya koma Houston. Shemar Stewart kaɗai ya tsaya har ƙarshe.

To amma a nan ya kamata mu yi adalci ga masu raba taurarin nan, domin ana yawan ɗora masu laifin da ba nasu ba. A zaɓen NFL na 2025, ƙungiyar Arizona Cardinals ta ɗauki Walter Nolen a matsayi na 16, Cincinnati Bengals kuma ta ɗauki Shemar Stewart a na 17, duka a zagayen farko. Ke nan abin da aka gani a jikin yaran nan tun suna sakandare yana nan, ba a yi ƙarya ba. Sai dai Nolen shekararsa mafi kyau a Ole Miss ya yi ta, Texas A&M ta yi reno wani ya ci moriya. Duk mai kiwon rago ya san wannan ciwo: ka saye shi da tsada, ka ci da shi dusa da harawa wata da watanni, ana gobe kasuwar Layya ya tsinke igiya ya shiga garken maƙwabci.

A ganinmu taurari suna auna yaro ne shi kaɗai, ba sa auna yadda zubin zai zauna a cikin ƙungiya. Cikin 8 ɗin nan na Texas A&M, 4 duk aiki ɗaya suke yi, wato ƙartin sahun gaba na masu tsaron gida, alhali a gurbin nan mutum 3 ko 4 kawai ke tsayawa a fili a lokaci guda, ga kuma manyansu da suka tarar a wurin. A kakar 2022 kuwa babban ciwon ƙungiyar a wajen kai hari yake, ta kasa cin maki. Ɗan kasuwar da ya cika shago da shadda mai tsada a garin da ake neman yadin makaranta, kayansa masu kyau ne, amma sai ya kwana da su. Bugu da ƙari, yaron da tun yana ɗan shekara 16 ake gaya masa babu kamarsa, da wuya ya yarda ya zauna a benci shekara biyu yana jiran layi, musamman yanzu da ƙofar fita take a buɗe kuma wata jami'ar na ɗaga masa kuɗi.

Zubin da ya zauna

Domin a ga bambanci, a dubi zubin da Alabama ta yi a 2017, wanda shi ma aka ce shi ne na ɗaya a shekararsa. A cikinsa akwai Tua Tagovailoa da Jerry Jeudy da Henry Ruggs da Jedrick Wills da DeVonta Smith da Najee Harris da Alex Leatherwood da Mac Jones, kuma duk su 8 a zagayen farko NFL ta ɗauke su, 4 a 2020, 4 a 2021. Sun bazu a gurabe daban-daban, akwai masu jefawa, akwai masu cafewa, akwai mai ruga da ƙwallo, akwai masu kare madugu. Mac Jones, wanda ba ya cikin waɗanda aka fi zuzutawa, ya yi haƙurin zaman benci har sai da Tua ya ji rauni a ƙarshen 2019, sa'an nan ya jagoranci ƙungiyar ta ci kofin kakar 2020 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Kofi biyu wannan zubi ya taɓa, na 2017 da na 2020. Haka ita ma Georgia, wadda ta zo ta ɗaya a zubin 2018 da na 2020, ta ci kofi a jere a 2021 da 2022. Saboda haka wanda zai ce taurari shirme ne bai bi lissafi ba. Wani mai sharhi, Bud Elliott, ya daɗe yana nuna cewa shekara da shekaru duk ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa, fiye da rabin yaran da ta ɗauka cikin shekaru 4 na baya masu taurari 4 ko 5 ne.

Wannan ƙa'ida sai a kakar 2025 ta gamu da gamonta. Jami'ar Indiana, wadda a tarihi tana cikin waɗanda suka fi kowa shan kashi, ta ɗauko koci Curt Cignetti daga James Madison a ƙarshen 2023. Shi kuwa bai tsaya takarar 'yan sakandare da manya ba, sai ya taho da 'yan wasan da ya riga ya sani, ya kuma shiga rajistar masu sauya sheƙa yana tsintar waɗanda suka yi shekara biyu ko uku suna wasa a wasu wurare, wato kayan da aka riga aka gwada. A watan Janairun 2026 Indiana ta doke Miami da ci 27 da 21 ta ɗauki kofin ƙasa, wasa 16 ba faɗuwa. Madugunta Fernando Mendoza, wanda ya zo daga jami'ar California, manyan jami'o'i ba su kula shi ba lokacin da yake sakandare.

Akwai ma waɗanda ma'aunin bai taɓa ganinsu ba sam. Josh Allen na Buffalo Bills ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta neme shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin Wyoming ta ɗauke shi, ga shi shi ne gwarzon NFL na kakar 2024. Mutanenmu na Ghana kuma za su tuna Ezekiel Ansah, ɗan Accra, wanda ya je jami'ar Brigham Young karatu, bai fara wannan wasa ba sai 2010, amma a 2013 Detroit Lions ta ɗauke shi a matsayi na 5 a duk faɗin zaɓen. Irin wannan ne ya sa NFL ta kawo sansanin neman matasa birnin Accra a 2022.

Yanzu dai cinikin ya fito fili. A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace babbar jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a raba tsakanin dukan wasanni, ban da kuɗin talla. Don haka idan aka ce wata jami'a ta zo ta ɗaya a zubin bana, masu lura kan tambayi gurabe nawa ta cike, yara nawa za su samu shiga fili da wuri, ko kocin da ya ɗauko su zai kai baɗi, da kuma nawa aka ware domin riƙe su idan wasu suka zo taya su. Amsar waɗannan ba ta fitowa sai bayan shekara 3 ko 4.

Ita Texas A&M ta farfaɗo a hannun Mike Elko, wanda ya gaji Fisher, inda ta ci wasa 11 a kakar 2025 ta kuma shiga gasar fitar da zakaran ƙasa karon farko, kafin Miami ta cire ta a zagayen farko. Ko ɗaya daga cikin masu taurari 5 ɗin nan su 8 ba ya cikin ƙungiyar a lokacin. Shi kuwa Fisher, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla, jami'ar za ta ci gaba da biyansa sama da dala miliyan 7 a kowace shekara har zuwa 2031.